Ranar Da Tela Ya Ɗinke Wufa

A ƙarshen wani layi, tsakanin shagon aski da garejin mai gyaran wutar mota, akwai wani tela da in dai ɗinki ne ba a kai masa ƙorafi. In ya fitar maka da wuyan riga sai ka ce da shi aka haife ka. Ciwonsa ɗaya ne, ɗinkin bai ishe shi ba. Tun ranar da tsohuwar rediyon shagonsa ta ɗauke, ya kai mata mari ta dawo da magana, ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi injiniya ne da aka yi asararsa a kan keken ɗinki. Daga nan fa kayan gidansa suka shiga uku. Ya gyara fanka har ta koma hura silin. Ya gyara agogon bango har 'yan biyunsa suka riga maigadi isa makaranta. Dutsen guga kuwa tun da ya buɗe cikinsa bai sake yin zafi ba, sai dai ya ja mai gugar. Mutanen layi suna ce masa Injiniya don tsokana, shi kuma yana amsawa da iya gaskiyarsa.

Wata Litinin da safe yayar matarsa ta shigo layin da motarta, fara tas, ta tsaya a ƙofar shagon. Yaya nas ce, babba a wurin aikinta, mace mai magana ɗaya. In ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna duk allurar da aka taɓa yi maka tun kana goye. Za ta tafi ƙaro karatu na shekara guda, tana neman inda za ta bar motar.

"Kwana uku zan yi wajen haɗa takardu," ta ce, tana kaɗa makullin. "Ranar Alhamis da yamma zan dawo. In na same ta yadda na bar ta, ta zauna a gidan nan har shekara, a riƙa kai yaran nan makaranta su huta da tafiyar ƙasa. In na ga an taɓa ko noti ɗaya, in kai ta wurin aiki in lulluɓe."

"Haba Yaya," in ji Tela, baki har kunne. "Ai hannun injiniya kika kawo ta."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Matarsa ta matso. "Yaya, ki ba ni makullin mana. Ai ina da lasisi."

"Lasisin da kika yi tun kafin a haifi 'yan biyu?" Tela ya riga ta miƙa hannu ya cafke makullin. "Mota ba tukunya ba ce, Maman 'Yan Biyu. Ki bar wa masu fasaha."

Tasin da ta ɗauki Yaya ba ta gama shan kwana ba ya fara zagaya motar yana ƙwala wa maƙwabcinsa kira.

"Mai Aski! Fito ka ga motata!"

Mai Aski ya leƙo da kum a hannu. "Motarka ko motar Yaya?"

"Ta shekara guda ce. Wanda ya shekara da abu ai ya zama nasa. Kai shekara nawa ka yi da ƙaramin almakashina?"

A ranar ya ɗauki motar ya tafi kasuwa sayo yadi. Da ya buɗe but zai zuba kaya, sai idonsa ya sauka a kan wani baƙin akwati da kamfani ya ɗaure a gefen dama, da raga a fuskarsa. Wufa ke nan, babbar lasifikar nan da ke fitar da kaurin kiɗa, wanda mutum ke ji a ƙirji kafin ya ji a kunne. A ƙasan ragar akwai wani zagayayyen rami na fitar iska, wanda dunƙulen hannu zai shige. Amma tela duk inda ya ga rami a gefen abu, aljihu yake gani.

"Kai, mutanen nan sun san aiki," ya ce wa kansa. "Har aljihu suka yi wa but."

Ya zaro gwangwanin da yake zuba fil da allurai da maɓallai, wanda marfinsa ya ɓata tun bara, ya tura shi ciki. Ya rufe but, ya manta da zancen.

Ranar Talata ya kunna kiɗa a hanyar kai yara makaranta. Duk lokacin da ganga ta ce dum, sai wani abu ya amsa daga baya, zirrr, kacau. Ya ƙara murya, abin ya ƙara shi ma. Ranar Laraba ƙarar ta kai har 'yan biyu sun haddace ta suna rerawa. A ranar ce kuma ya birkice shagonsa yana neman gwangwaninsa.

"Mai Aski, ina gwangwanina na fil?"

"Ni ka ba ajiya?"

"Kai kaɗai kake shigo min shago ba sallama."

"Me zan yi da fil? Kan mutane nake askewa, ba kalmasa shi nake yi ba."

Suka yi ta yi har masu jiran aski suka raba su.

Da safiyar Alhamis, bayan ya sauke yara, Tela ya juyo da bayan motar ƙofar shago, ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, ya jera kayan aiki: almakashi babba, tef ɗin awo, alli, allura da zare, sai sukudireba guda ɗaya mai karyayyen baki. Matarsa ta fito daga gida, wanda ke bayan shagon, ta ga jerin, ta matso da sauri.

"Baban 'Yan Biyu, don girman Allah ka bar motar nan. 'Yan sa'o'i suka rage. In Yaya ta zo mu ce mata ga ƙarar da muke ji, shi ke nan."

"In ce mata mota ta kamu da ciwo a hannuna na zuba mata ido? Ita fa nas ce, ta san darajar taimakon gaggawa. So nake ta dawo ta same ta ta fi yadda ta bar ta."

"Ka tuna fanka."

"Fanka tana aiki."

"Silin take hurawa."

"To shi silin ɗin ba ya jin zafi?"

Tsoro take ji na gaske, don ita ce ke ganin yadda yaran ke dawowa da rana ƙafafu duk sun yi futu-futu, jaka ta rinjaye su gefe guda. Kwana ukun nan da aka kai su a mota har waƙa suke yi a banɗaki. Ta buɗe baki za ta faɗi haka, ta ga ya riga ya rataya tef a wuya, ta san magana ta ƙare. Ta koma bakin ƙofa ta zauna ta rafka tagumi.

Kafin a jima mutane sun fara taruwa, don a layin nan in aka ga Tela da sukudireba kowa yakan ajiye abin da yake yi. Har mai gyaran wutar mota ya taso daga garejinsa yana goge hannu. Malam Shiru ake ce masa, saboda an ce kalmominsa na yini ba sa wuce goma. Tela ya kunna kiɗa don jama'a su ji ciwon. Dum, zirrr, kacau. Malam Shiru ya karkata kai ya saurara.

"Ka girgiza akwatin tukuna," ya ce.

Tela ya yi dariya har da riƙe ciki. "Girgiza? Malam Shiru, wannan aikin ilimi ne, ba kwalbar maganin tari ba ce. Ni daga jin ƙarar nan na san ɗinkin ciki ne ya saki. Matsa ka ga aiki, ba sai ka biya kuɗin makaranta ba."

Ya kashe kiɗa, ya cusa bakin sukudireba a gefen ragar, ya danna. Raga ta ƙi. Ya sa gwiwa, ya cije leɓe, ya danna da ƙarfinsa duka. Raga ta yi tsalle ta faɗa kwata, sukudireba kuwa ta zarce ta shige cikin baƙar fatar lasifikar, ta tsarge ta tun daga tsakiya har baki, kyaaat.

Tela ya leƙa, ya ɗago, ya buɗe hannuwa.

"Kun gani! Ban faɗa muku ba? Ta yage."

"Yanzu ta yage, a gabanmu," in ji Mai Aski. "Ni har ƙarar na ji."

"Dama tana da niyya. Ni dai na taimaka mata ta fito da abin da ke ranta."

Ya zura zare a allura. Baƙin zare ya ƙare masa, saboda haka ruwan zinare ya sa. A nan kam dole a faɗi gaskiya, ɗinkin ya yi kyau. Ƙanana-ƙanana, a jere, ko keke ba zai fitar da irinsa ba. Da ya kai ƙarshe ya ga gefe ɗaya ya fi ɗaya ado, sai ya ƙara ɗan fure a ɗaya gefen don su daidaita. Wata mata da ta zo karɓar ɗinkinta har cewa ta yi irin furen take so a hannun rigarta.

"Yanzu ku toshe kunnuwa," in ji Tela, "kada daɗi ya yi muku yawa."

Ya kunna. Wufa ta yi wani irin nishi kamar tsohuwar akuya mai mura, furrr, zirrr, kacau. Da ganga ta buga ta biyu, ɗinkin ya tsinke gaba ɗaya, furen ya yi sama ya sauka a kan takalmin Malam Shiru.

Malam Shiru ya dubi furen, ya dubi Tela. "Da ka girgiza akwatin," ya ce, ya juya ya koma garejinsa.

"Hassada ce," Tela ya gaya wa jama'a ƙasa-ƙasa. "Tsoro yake kada in ƙwace masa kasuwa. Ita wannan wufar ta kamfani dama saizin yara ce. Canja ta za a yi. Mai Aski, ara min lasifikarka ta shago."

Lasifikar Mai Aski wata ƙatuwa ce mai tsayin ƙugun mutum, wadda in ya kunna ta masu aski ba sa jin an yanke su. Da wani ne ya roƙa da bai bayar ba. Amma rabonsa da nishaɗi irin na yau ya manta, saboda haka da kansa ya kinkimo ta, ya bar mutum a kujera da rabin kai a aske.

Tela ya kwance noti huɗu, ya ciro baƙin akwatin kamfani ya dungurar da shi gefen hanya. Akwatin ya ce kacau-kacau da ya taɓa ƙasa, amma a lokacin Tela yana tsakiyar bayanin yadda ya so ya karanci injiniya aka hana shi, bai ji ba. Wayar akwatin tana da ɗan soket da in ka danna da babban yatsa zai fita salin alin. Tela bai ga soket ba. Ya ɗaga kafet ɗin gefe, ya tarar da wayoyi wajen goma sha biyu an naɗe su wuri ɗaya kamar kitso, waɗanda ke kai wuta fitilun baya da makullin but da sauransu. Ya auna da tef, ya shata da alli.

"A bar inci biyu na kalmasa," ya ce, ya sa almakashi ya datse su duka, ƙaras.

Matarsa ta rufe fuska da mayafi.

Sai aka zo haɗawa. Ga ja, ga kore, ga rawaya, ga shuɗi, ga fari, ga ruwan toka, kowace ta yi baki biyu tana kallon 'yar uwarta. Mai Aski ya sunkuyo.

"Injiniya, ba ja da ja ake haɗawa ba?"

Tela ya ɗago ya yi masa kallon tausayi. "Ja da ja? Ka taɓa ganin na ɗinka wa mutum jar riga da jan wando? Ai sai a ɗauka motar kashe gobara ce. Su kamfani ƙarfe suka sani, ba su da ido. Ja da fari yake tafiya. Kore, ka ba shi rawaya ya haska. Shuɗi kuma ba abin da ke fito da shi kamar ruwan toka."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karawa a hasken rana kamar mai zaɓar zare, yana murɗewa, yana ɗaure kowace da tsinken ƙyalle. Biyu suka yi saura da ba su dace da kowa ba, ya ce su ne na lasifika, ya cusa su a bayan ta Mai Aski. Lasifikar ta ƙi shiga but, ya yanke kafet ya rage mata hanya, suka tura ta su uku har ta kwanta.

Ya shiga gaba, ya murɗa makulli, ya kunna rediyo. Shiru. Ya ƙure murya. Shiru. Garin lalube gwiwar hannunsa ta bugi sandar sigina ta yi hagu.

DUM. DUM. DUM.

Gilasan motar suka ɗauki rawa. Madubin shagon aski ya karkace. Mutumin da aka bari da rabin kai ya fito a guje da ƙyallen aski a wuya yana tambayar ina aka fasa. Duk ƙiftawar sigina sai lasifika ta buga, fitilar lamba ta amsa mata. Tela ya firgita ya taka birki, wani abu ya ce ƙas a marfin but. Ba wanda ya lura da wannan ƙas ɗin sai matarsa, da ke kallon bayan motar ta tsakanin yatsunta.

Ya mayar da sigina, ya fito yana gyara tef a wuya.

"Kun ji kauri? Wannan ita ce wufa."

"To ina waƙar?" in ji Mai Aski.

"Waƙa tana hanya. Sai an fara da tushe. Yanzu ɗaure ta ya rage, kada ta riƙa yawo."

Ya ɗauki dogon ƙyalle, ya hau but, ya lanƙwashe a ɗan wurin da lasifikar ta rage, kansa dab da bakinta, yana neman inda zai zarga.

"Mai Aski, gwada rufewa mu ga ko marfin zai zauna."

"Kana ciki fa."

"Na san ina ciki. Awo ake yi. Riga ma ai a jikin mutum ake gwada ta."

Mai Aski ya dubi jama'a, ya ce su zama shaida shi aka sa, ya sa hannu biyu ya rufe, garam.

"Ya zauna, Injiniya. Barka da aiki."

"Madalla. To buɗe."

Mai Aski ya danna maɓallin marfi. Ba labari. Ya sake dannawa. Ya zagaya gaba ya ja ɗan hannun da ke gefen kujerar direba, fitilar baya ta kama ta mutu. A cikin duhu Tela ya fara jin gumi yana bin bayansa. Ƙafarsa ta dama tana wajen kunnensa, allurar da ya soke a gaban riga kuma ta sami hanya tana gaisawa da haƙarƙarinsa.

"Kada kowa ya ruɗe," ya ɗaga murya daga ciki. "Na san abin da ya faru. Mai Aski, shiga ka daddanna komai."

Mai Aski bai taɓa tuƙa ko amalanke ba. Ya shiga ya daddanna komai kamar yadda aka ce. Waifa ta tashi, ruwa ya feso, hon ya yi kuka, sannan hannunsa ya sami sandar sigina.

DUM.

Tela ya ji bugun tun daga haƙoransa har farcen ƙafa.

"Kashe! Kashe!"

"Me ka ce? In ƙara?"

DUM. DUM.

Layi ya cika maƙil. Wani ya ce a kawo ƙarfe a ɓalle marfin, matar Tela ta tashi ta tare bayan motar ta ce sai dai a fara da ita. Wani ya ce a kira Malam Shiru, aka ce ya tafi sayo kaya. Wata tsohuwa ta matso ta tambayi but ɗin ko a miƙo masa ruwa ta wani wuri. Ana cikin haka Tela ya ji hayaniyar ta ɗauke ɗif, kamar an zare wa layin waya. Ya ji tsayuwar mota, ya ji an rufe ƙofa, sannan ya ji takun takalmi, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya san takun. Yaya ta gama da takardunta da wuri, ba ta jira yamma ba.

"Maman 'Yan Biyu," ya yi raɗa ta jikin marfi. "Ki ce na fita."

DUM, in ji lasifika.

"Ina mijinki?" Muryar Yaya ke nan, a kwance, irin wadda take yi wa mara lafiyan da ya ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe.

Takun ya matso har bakin but.

"Wane ne a cikin but ɗina?"

Tela ya amsa daga ciki. "Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya?"

"Me kake yi a ciki?"

"Sautin nake saurare daga kusa."

DUM.

Wani ya fashe da dariya daga baya, sai layin gaba ɗaya ya ɗauka. Matar Tela ba ta yi dariya ba. Ta zagaya ta buɗe ƙofar direba.

"Mai Aski, fito."

Ta zauna, ta ja kujera gaba daidai tsayinta, ta kashe waifa, ta bar sigina a hagu, ta jira bugun ya zo, ta taka birki. Ƙas. Marfi ya ɗaga a hankali, ga Injiniya a dunƙule, tef ya naɗe masa wuya, alli ya yi masa fari a goshi, ƙyallen ɗauri yana hannunsa har yanzu. Mutum biyu suka warware shi suka tsayar.

"YAYA, AIKIN YA KUSA ƘAREWA," ya ce da ƙarfi, don kunnuwansa sun toshe bai san ihu yake yi ba. "WUFARKI CE TA LALACE TUN DAGA KAMFANI."

Daidai nan Malam Shiru ya dawo da leda a hannu. Ya ratsa jama'a, ya dubi wayoyin da aka ɗaure da ƙyalle, ya runtse ido kamar wanda haƙori ya sara. Ya je gefen hanya ya ɗauki baƙin akwatin kamfani, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, ya girgiza.

Kacau-kacau-kacau.

Ya zaro sukudirebarsa daga aljihu, ya kwance sukurori, ya ciro lasifikar daga akwatin ya juya bayanta. Maganaɗisun da ke bayanta ya koma bushiya. Fil da allurai sun tsaya cirko-cirko a jikinsa, gwangwani ya manne a tsakiya, maɓallai kuma suka zubo daga akwatin suna gangarawa ƙarƙashin ƙafafun mutane.

"La ila!" Mai Aski ya daka tsalle. "Jama'a, ga gwangwanin da na sata! Ashe a motar Yaya na ɓoye shi!"

"Lafiyarta ƙalau da," in ji Malam Shiru, yana nuna yagaggiyar fatar. "Zazzagewa kawai take so."

Yaya ta sauke tabarau ta dubi Tela. "Yaya aka yi gwangwaninka ya shiga nan?"

Tela ya dubi ramin, ya dubi ƙasa. Muryarsa ta dawo ƙarama. "Na ɗauka aljihu ne."

Dariyar da aka yi har masu wucewa a babban titi sai da suka tsaya. Yaya ta miƙa hannu, matar Tela ta zare makulli ta ɗora mata a tafi. A nan ne Tela ya kalli fuskar matarsa, ya ga idanunta sun ciko, ta kawar da kai tana kallon hanyar da yara ke biyowa daga makaranta. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba ranar fanka, bai ji ba ranar agogo. Ya cire tef daga wuya ya naɗe shi a hannu.

"Yaya, ni na yi ɓarnar nan, ni kaɗai. Ta hana ni tun da safe. In hukunci ne ki yi min, amma kada ƙafafun yaran nan su biya."

Yaya ta dube shi. Sannan ta juya ga Malam Shiru. "Za ta gyaru?"

"Gobe da yamma."

"Yadda kamfani ya yi ta?"

Ya gyaɗa kai.

Ta kama hannun ƙanwarta ta mayar mata da makullin, ta dunƙule mata yatsu a kai. "Ke za ki riƙe. Ke za ki tuƙa. Shi kuma kujerar baya, tsakanin 'yan biyu. Kada ya taɓa rediyo, kada ya buɗe but, kada ya shiga motar nan da ko allura ɗaya a jikinsa. In kin ji ya ce na san abin da ya faru, ki tsaya ki sauke shi."

Washegari Malam Shiru ya cire kan batir tukuna, ya kwance ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da ja ga ja, kore ga kore, ya canja fiyus uku da suka ƙone. Ya kawo sabuwar wufa daidai saizin ta kamfani, ya zazzage akwatin, ya ɗaure ta, ya tura soket ya ce ƙas. Da aka kunna, ganga ta ce dum, ba wanda ya amsa mata. Tela yana gefe yana ɗinke kafet ɗin da ya yanka, ya leƙo ya ce aikin ba laifi, sai dai launukan ba su hau juna ba.

Tsohuwar wufar kuwa matarsa ba ta yarda an yar ba. Ta sa an ciro mata maganaɗisun, ta ɗaura masa igiya ta rataye a bayan ƙofa. Tun daga ranar, kullum da safe in 'yan biyu sun shiga mota, sai Tela ya tsaya a bakin shago ya buɗe hannuwa, ita kuma ta bi shi da maganaɗisu tun daga wuyan riga har ƙafar wando. Mai Aski ya mayar da buɗe shagonsa da wuri don kada abin ya wuce shi.

"Injiniya, an tashi lafiya? Yau ma ana binciken?"

"Sabon tsarin tsaro ne," in ji Tela, yana kallon sama da hannuwa a buɗe. "Ko a filin jirgi ba su kai nan ba. Ni na ƙirƙiro shi."

Wani fil ya yi tsalle daga aljihun rigarsa ya manne, ƙyas. Matarsa ta cire shi ta jefa a gwangwani, wanda yanzu ta yi wa marfi.

"Juya baya, Injiniya," ta ce. "Yara za su makara."